Gyaran Baba

Maƙwabciyata a unguwar Levenshulme ta Manchester 'yar Filifin ce. Bango ɗaya ne tsakanin kicin ɗina da nata, in ta yi tari ina ji, in na daka wa yara tsawa ita ma ta ji, sai ta ƙwanƙwasa mini bangon da cokali wai in sassauta. Ta girme ni sosai, don haka tun ranar farko na kira ta Yaya. Sai na ga ta ɓata rai. Ashe a yarensu yaya ita ce mai raino, 'yar aikin gida. Da na bayyana mata cewa a wurinmu babbar 'yar'uwa ce, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai duka biyun ta yi a rayuwarta, in ci gaba da kira. Ita ta koya mini kunna boila mai ɗumama gida, ita ta raka ni wurin GP, likitan unguwa, ranar da autana ya shiɗe, ita ta nuna mini shagon da ake samun ɗanyar kuɓewa a Stockport Road. Nas ce a gidan kula da tsofaffi, ba ta fashin coci ranar Lahadi, kuma hoton 'yarta ɗaya tilo yana kan talabijin. 'Yar dai ban taɓa ganin ta a gidan ba, ban kuma tambaya ba.

Shekarar da aka gano ciwon daji a hantarta, wata matashiyar malama 'yar ƙasarsu da ke koyarwa a jami'ar da ke Edgbaston, can Birmingham, ta zo ta same ta da rakoda, suka wuni a ɗaki. Bayan ta tafi Yaya ta ƙwanƙwasa bango, na zagaya. Na tarar ta jawo wasu gwangwanayen ƙarfe masu faɗi kamar faranti daga ƙarƙashin matattakala, falon duk ya ɗauki tsami irin na gasarar da ta kwana biyu.

"Zauna," in ji ta. "Ni a da 'yar fim ce."

Na ce, "Ke? Wane irin fim?"

"Irin wanda ba za ki bar yaranki su kalla ba."

A shekarun alif ɗari tara da saba'in, tana da ashirin da 'yan kai, a Manila, ta fito a finafinan da suke kira bomba, waɗanda mata ke tuɓewa a cikinsu. Ban iya ɓoye fuskata ba, ita ma ta gani. Na dubi hannayen nan da suka sha yi wa 'ya'yana wanka, na rasa inda zan ajiye idona. Raina bai so ba ko kaɗan. Ita kuwa ko gezau, ta ci gaba da faɗa mini abin da malamar ta zo da shi. Wai an raina finafinan nan har aka bar su suka ruɓe a ɗakunan ajiya, kuma mai yiwuwa kwafin da ke cikin gwangwanayen nan shi kaɗai ya rage na wannan fim ɗin. Wai tsofaffin da suka kalle shi a lokacin, in an tambaye su, wurin kogi suke tunawa, inda mai wankau, wato ita Yaya, ta tsaya cikin ruwa ta faɗa wa ɗan mai gonaki abin da shi da ubansa suka yi wa ƙauyen. A lokacin mulki ya rufe bakin kowa, amma masu tace fim jikin mace suke kallo, sai maganar ta wuce ta gabansu ba su ji ba.

'Yarta kuwa daga bakin wata ta ji labarin, a taron Kirsimeti, a gaban iyayen saurayinta. Auren bai yiwu ba. Ta tattara ta koma Birmingham, tana aiki a sashen magunguna na babban asibiti, shekaru ke nan ba ta taka gidan uwar ba.

"Ba yafiya nake nema ba," in ji Yaya. "Ban yi mata laifi ba. So nake ta kalle shi duka, ta ga abin da na iya, kafin in tafi."

Malamar ta ce akwai ƙwararrun da ke ceto irin wannan zaren fim, amma sai an rubuta, an jira, a kwashe kusan shekara. Likitoci kuwa makonni suke magana. Maigidana ne ya tuna da Baba, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke zaune a unguwar Balsall Heath ta Birmingham. Tun yana saurayi yake haska fim a silima, yanzu kuma yana juya wa mutane tsofaffin finafinan biki da suna zuwa DVD a ɗakinsa na baya. Farin gemu gare shi har ƙirji, ba ya rasa sahun farko a masallaci.

Na ɗauki gwangwanayen a jakar kasuwa mai taya na hau jirgin ƙasa. Tun daga Manchester nake bitar abin da zan faɗa masa, har na haddace. Da na durƙusa a gabansa na gaishe shi, ya tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya, sai haddar ta gudu. Sa'an mahaifina ne. Ta ina zan fara?

Na ce, "Baba, zaren ya tsufa, ya tsintsinke a wurare. A gyara mana shi, a juya a DVD. Mai shi ba ta da lafiya, it's urgent. Sai dai, Baba, akwai wasu wurare a ciki da, wato, matar..."

Ya ɗaga hannu. "Ya isa, 'yata. Na gane. Ni da na tsufa a aikin nan, ba sai kin faɗa ba. Zan gyara shi tsaf."

Na ji wani sanyi a raina. Na ce dattijo ke nan, ya ɗauke mini nauyin baki. Na yi ta godiya har bakin ƙofa.

Daga nan na wuce asibitin da ke Edgbaston neman 'yar. Ta fito lokacin hutun rana, ta same ni kusa da tashar jirgi, doguwa, da idon uwarta sak, Turancinta na Manchester tsantsa.

"Did she send you?"

Na ce ba ta aiko ni ba, ni na kawo kaina, kuma uwarta ba za ta ga ƙarshen wata mai zuwa ba, burinta kawai ta zo ta kalli fim ɗin. Ta daɗe tana kallon motoci.

"One visit, Auntie. Saturday week. I'll watch it, and then she leaves me alone."

Ziyara ɗaya, Asabar ta sama, wai ta kalla sannan a ƙyale ta. Wallahi hannuna ƙaiƙayi yake in kwaɗa mata mari, amma na haɗiye, na ce Allah ya kai mu.

Cikin kwanakin nan aka mayar da Yaya hospice, gidan da ake kai majinyatan da likitoci suka gama nasu. Idonta ya zama rawaya, zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Kullum na shiga, kafin in ajiye jaka za ta tambaya ko fim ya dawo. Kullum in ce saura kaɗan.

Ana saura 'yan kwanaki Asabar ɗin Baba ya yi waya ya ce aiki ya kammala. Na kai yara makaranta na kama jirgi. Ya zaunar da ni gaban talabijin, matarsa ta kawo mini koko da ƙosai, ya sa faifan yana murmushi. Aiki kam ya yi. Ya wanke zaren, ya ɗinke inda ya yage. Ga gonakin shinkafa kore shar, ga wata yarinya da kwanon wanki a ƙugu tana tafiya a kan kunyar gona, ta juyo, sai na yi ƙara, don Yaya ce. Ta gangara kogi, ta ajiye kwano, ta kai hannu wuyan rigarta. Sai kawai na gan ta tana komawa gida da yamma. Can gaba ta shiga wani ɗaki, kafin in ƙifta ido ta fito. Ta sake shiga wani, ta sake fitowa. Kokona bai huce ba fim ya ƙare.

Na ce, "Baba, ina wurin kogin?"

"Na gyara."

"Ka gyara yaya?"

"Yadda ake gyarawa mana. A Kumasi in sabon fim ya zo, manaja zai ce a gyara kafin a haska, kada malamai su kai ƙara wurin sarkin zango. Mu ɗauki almakashi, duk inda bai dace ba mu cire. Wannan kuwa ya ba ni aiki, don rabinsa sai da ya fita." Ya gyara zama. "Kin ce matar tana jinya, ta kusa gamuwa da Ubangijinta. Na rufa mata asiri. Allah ya rufa namu."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, na ji kaina ina ihu a falon mutane. "Baba, ba rufin asiri take so ba! Wurin da ka yanke, shi kaɗai take so a gani! Ina suke? Ina ka kai su?"

Matarsa ta leƙo ta koma. Shi kuwa ya dube ni kamar wadda ta taɓu, sannan ya tashi ya kai ni rumfar bayan gida. Suna cikin buhun shinkafa, an ɗaure bakinsa tamau saboda jikoki. Na kwance, ga guntayen zare sun cakuɗe, dogo da gajere, babu farko babu ƙarshe.

"Duka ke nan?"

"Saura ɗaya. Wancan ko a buhu ban yarda ya kwana a gidana ba, na sa a shara. Motar sharar council ta kwashe jiya."

Na fita da gudu ba takalmi na buɗe kwandon sharar da ke ƙofar gida. Babu komai ciki sai ruwan sama. Na buɗe na maƙwabta, na dama da na hagu, wata mata tana kallona ta taga. Na dawo na ce masa to a mayar da waɗanda suka rage.

"A'a," in ji shi. "Idona ya gani sau ɗaya, na yi istigfari. Ba zan ƙara ba, hannuna kuma ba zai mayar ba."

Nan na zube a gabansa. Duk abin da kunya ta hana ni faɗa a zuwan farko na zazzage shi, babu kwana-kwana. Na faɗa masa wace ce matar, da abin da ta yi mini a garin da ba ni da uwa ba ni da dangi. Na faɗa masa zancen 'yar, da ziyara ɗaya tak da ta yarda za ta yi, da yadda zobe ke faɗuwa daga yatsan uwar. Na ce in Asabar ta zo babu wurin kogin nan, matar za ta mutu 'yarta na ganin ta 'yar tsiraici kawai, kuma ni na ɗauko fim ɗin daga hannunta lafiyayye. Ina magana majina na zuba, ban damu ba.

Baba ya miƙe. Sannan ya shiga ɗakin aikinsa, ya ɗauki kujerarsa ya juya ta tana fuskantar bango, ya zauna.

"Zauna a teburin. Zan faɗa miki yadda za ki yi."

Haka muka yi aikin, ranar da kashegarinta. Ni a tebur da ɗan injin haɗa zare da salatef ɗinsa na musamman, shi ya ba ni baya yana jan carbi. Sai in ɗaga guntu a hasken taga, in ƙura ido, ga Yaya ƙarama kamar farce, in faɗa masa abin da na gani don mu gane wanne ke gaba da wanne.

"Baba, a nan rigar ta jiƙe, ta zame daga kafaɗa ɗaya."

"Ɗayan fa?"

"A ɗayan babu rigar."

"Astagfirullah. To mai rigar ne a gaba. Ki duba layin sauti, ya zama duk a gefe ɗaya yake."

Ni da ko sunan maigidana ba na iya kamawa a gaban surukai, ga ni ina lissafa wa dattijo mai furfura inda riga ta tsaya da inda ta faɗi. Da farko muryata rawa take yi, daga baya na daina ji, don babu lokacin kunya. Na manna wani guntu a kife, sai da aka ɓare aka sake. Wani ya tsage a hannuna don tsufa, na yi kuka kamar ɗana ne ya ji ciwo. Tsakiyar aikin aka bugo daga hospice aka ce Yaya ta daina cin abinci. Maigidana ma ya bugo, yara na ihu a bayansa, ya ce, "Wai har yanzu? Ki dawo gida haka nan, you've done your best." Na kashe wayar. Duk sallar da na yi a ɗakin nan addu'ata ɗaya ce, Allah ya kai matar nan Asabar.

Da muka gama, Baba ya ɗora zaren a majigi, ya saita kyamarar da za ta ɗauka daga farin bango, ya nuna mini abin da zan danna, ya ɗauki hularsa ya tafi la'asar. Ni kaɗai na kalla.

Tana tsaye cikin ruwa iya ƙugu, babu komai a jikinta na sama, kuma ba ta kai hannu ta kare ba. A bakin gaɓa ga mutumin da fararen takalma, ya zo kallo. Ta dube shi ta fara magana, a hankali, ba ihu. Ko kalma ɗaya ban sani ba a yaren, amma tsigar jikina ta tashi. Murmushin mutumin ya fara bajewa, ya rasa inda zai sa hannunsa, ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin na gane abin da malamar jami'ar take nufi. Yaya ta matso taki ɗaya, ta ja numfashi, ta buɗe baki za ta faɗi babbar maganar. Hoton ya yi tsalle. Sai ga ta ta fita daga ruwan tana ɗaura zane. Guntun da ya tafi a motar shara ke nan, ya tafi da hoton da muryar gaba ɗaya.

Ranar Asabar da safe na faɗa mata, don ba zan bari ta gani a gaban 'yarta ba shiri ba.

"Wane wuri?" in ji ta. Da kyar muryar ke fita.

Na kwatanta mata. Ta juya fuskarta bango. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

'Yar ta iso bayan azahar. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga yadda uwar ta koma, amma abin da ta ce kawai shi ne, "Hi, Mum." Ta ja kujera can nesa kusa da taga, ba ta cire kot ɗinta ba, jakarta a cinya. Na ɗora kwamfutar maigidana a kan teburin cin abincin majinyata na kunna. Fim ɗin babu fassara a ƙasa, yarinyar kuma ba ta jin yaren, don da gangan uwar ta raine ta da Turanci zalla, wai ta nisanta ta da can.

Duk inda aka shiga ɗaki sai ta dubi ƙasa. Ina kallon ta ta gefen ido, ina jiran ta tashi ta fita. Da aka zo kogi ma ta sunkuya. Amma da muryar ta fara, ta ɗago. Ta ci gaba da kallo, har mutumin ya sunkuyar da kai, har yarinyar cikin ruwa ta matso ta ja numfashi.

Yaya ta ɗaga yatsa ɗaya daga kan bargo. Na tsayar da fim ɗin.

Daga kan gadon ta ɗauki maganar daga inda zaren ya yanke. Idonta a rufe, muryar siririya, amma kalmomin na fita a jere, babu tuntuɓe, da irin hawa da saukar da na ji a fim ɗin. Bayan shekara talatin da wani abu ba ta manta ko ɗaya ba.

'Yar ta juyo gare ni. "What's she saying? Auntie, what's she saying?"

Na ce, "Ni ina na sani, 'yar nan? Matsa kusa!"

Muryar sai ƙara yin ƙasa take. Yarinyar ta miƙe, jakar ta faɗi, kayan ciki suka watse, ba ta waiwaya ba. Ta zagaya gadon ta sunkuya, ta dafa matashin kai, ta kai kunnenta daidai bakin uwar.

"In English, Mum. Please."

Amma Yaya ta riga ta yi nisa da Turanci. Ta ci gaba a yarenta har ta kai ƙarshe, ta tsaya tana haki.

"Again, Mum. Slower. I'm listening."

Leɓunan suka motsa, ta sake farawa daga farko. Ba ta kai rabi ba barci ya ɗauke ta, kuma ba ta farka ta ƙarasa ba, ranar ko bayanta. Yarinyar dai tana sunkuye da kot ɗinta a jiki, kunnenta a bakin uwarta, tana jira. Nas ta shigo duba ruwan da ake ƙara wa majinyaciya, ta ce mata ta ɗan matsa. Ta girgiza kai, ta ce a dakata, mamanta ba ta gama magana ba.